Rasuwar Shiru-Shiru, Sukutar da Ba Ta Taɓa Ganin Bakanike Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya riga ya cinye fiye da rabinta, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, abokan aiki da duk wanda ya taɓa matsa mini a hanya, rasuwar sukutata mai aiki da lantarki, wadda aka fi sani da Shiru-Shiru. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, da ƙarfe takwas saura kwata na safe, a bakin ƙofar asibitin da nake aiki, ina tsaye a kanta. Ta rasu tana da shekara uku da wata biyu a hannuna.

A takardar farko da na rubuta, na sa cewa ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, kamar yadda aka saba rubutawa. Na yaga wannan takarda. Ni ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne, shekara goma sha tara ina sa hannu a ƙarƙashin sakamako, ban taɓa sa hannu a kan abin da na san ƙarya ne ba. Marigayiya ba ta yi gajeriyar rashin lafiya ba. Jinyar shekara uku ta yi, tana zuwa ganin likitanta duk wata, kuma kowa ya sani a gidana da wurin aikina, ban da ni mai hawanta. Likitan nata kuwa shi ne mutum ɗaya tak a duniya da na rantse hannunsa ba zai taɓa ta ba, wato yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, bakaniken babura, wanda rabona da taka ƙofar garejinsa tun ranar da ta shigo gidana.

Amma ba a buɗe sanarwar rasuwa da laifin mamaci. Zan fara da halayenta na gari, domin tana da su, kuma fushi ba zai sa in danne mata haƙƙi ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, marigayiya ba irin sukutar nan ba ce mai kujera. Siririn allo ce da ake tsayawa a kai, da ƙananan tayoyi biyu, da dogon wuya mai mariƙi a sama, batirinta kuma yana cikin cikinta, ƙarƙashin tafin ƙafar mai hawa. Ba ta taɓa shan fetur ba, ba ta san ɗanɗanon baƙin mai ba, ba ta da salansa balle ta busa wa na bayanta hayaƙi a fuska. Abincinta soket ɗin da ke bayan firjinmu. Awa huɗu take yi a jikinsa ta ƙoshi, ta yi mini kwana uku ba ƙorafi. Daga gidana zuwa asibiti kilomita huɗu ne. A motar haya nakan yi minti arba'in ina shaƙar numfashin mutane da na injina, a kanta kuwa minti goma sha biyu, har da tsayuwar danja biyu. Kowace safiya nakan wuce jerin motoci a cunkoso, kowace da mutum ɗaya a ciki yana dukan sitiyari, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina gaishe su da kai. Na san gaisuwar tana ƙona musu rai, shi ya sa ban taɓa fashinta ba.

Ta kasance mai kunya da kawaici. Ba ta taɓa tayar da maƙwabci daga barci ba, ba ta taɓa ɗigar da mai a matakala ba. In mun isa, sai ta naɗe wuyanta ta kwanta, in rungume ta a gefena in hau bene da ita, ta wuni a ƙarƙashin teburin gwaji, tsakanin firjin ajiye jini da kwandon shara, ba wanda zai ce akwai ta. Duk maganarta a duniya ba ta wuce kala huɗu ba. In na tashe ta, ta ce "tit." In ta ɗau hanya, ta ce "zuuu," can ƙasa-ƙasa kamar sauro a ɗakin maƙwabta. In wani ya tsaya mata a gaba, ƙararrawarta ta ce "ƙirrin," sau ɗaya, ba zagi. In yunwa ta kama ta, ta ce "tit-tit-tit." Maigadin asibitinmu, wani dattijo da ba ya barin komai ya wuce shi ba suna, shi ya raɗa mata Shiru-Shiru. Ni kuma na ɗauka yabo ne, har ina maimaita wa mutane.

Dalilin zuwanta gidana 'yata ce, wadda muke kira Kurciya. Tana da asma tun tana goye. Kafin marigayiya babur nake hawa, wani tsohon ja da Yaya ya haɗa mini da hannunsa daga gawarwakin babura uku, ya kawo mini kyauta a satin da na yi aure. Babur ne mai gaskiya, amma mai hayaƙi. Ba ya tashi sai an ba shi wuta na minti biyar, wurin da nake ajiye shi kuwa daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Kurciya ne. Shekarar da ta cika shida, ta yi kwana huɗu a gadon asibitinmu da robar iska a hanci, ina zaune ina jin ƙirjinta yana kuka. Ranar da aka sallame ta ban shawarci kowa ba. Na kira 'yan gwangwan suka ɗauke babur ɗin, na je na ɗauko Shiru-Shiru a kwalinta.

Da yammar ranar Yaya ya zo duba 'yarsa. Ya tarar da ni a tsakiyar falo ina ɓare leda, maiɗakina da maƙwabta biyu suna kallo. Ya zagaya marigayiya sau ɗaya, ya yi dariya.

"Dokta," ya ce, don haka yake tsokanata tun ranar da na fara sa farar riga, "wannan teburin gugar za ka riƙa hawa? Ina jan naka?"

"Na ba 'yan gwangwan," na ce. Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Amma kwana huɗu ban runtsa da kyau ba, kuma ina neman wanda zan ɗora wa. "Hayaƙin da kake gyarawa kullum, shi ya kwantar mini da 'ya. Wannan ba ta buƙatar irinku, Yaya. Ni da gareji har abada."

Ya goge hannuwansa a wando, alhali a wanke suke, ya shafa kan Kurciya, ya sauka. Tun daga ranar muke gaisawa ta bakin mutane. A ce mini Yaya na gaishe ka, in ce ina amsawa. Ban je ba, shi ma bai sake hawowa ba.

Maganar hayaƙi dai ina kan bakana har gobe. Tun da jan babur ya bar ƙarƙashin taga, Kurciya ba ta sake kwana a gadon asibiti ba, kuma wannan ladan marigayiya ne, ba mai ƙwace mata. Rabin maganar na biyu shi ya kai ni ya baro. Tunda na ce ba ta buƙatar bakanike, sai ya zama dole kada ta buƙata, na kuma mai da abin wa'azi. A ɗakin shan shayi nakan jira a cika, in gyara murya in ce, "Shekara ɗaya ke nan, ba ta ga bakanike ba." Da ta shekara biyu na rubuta shi da manyan baƙaƙe na liƙa a allon sanarwa, ƙarƙashin jadawalin aiki. Rabin ma'aikatan asibitin a garejin Yaya suke gyaran baburansu, kuma su na fi so su ji. In na fara, direban motar ɗaukar marasa lafiya yakan duƙufa kallon cikin kofinsa, babbar nas kuma tari ya sarƙe ta. Na ɗauka hujja ce ta kashe musu baki, har tausayinsu nake ji.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Talatar an kwana ana ruwa, da safe ya koma yayyafi. Muka wuce danja ta farko lafiya, muka wuce ta biyu. Saura taku ashirin mu shiga ƙofar asibiti, sai na ji "zuuu" ɗinta ta yi rauni. Na duba fuskarta, fitilun batir huɗu duk a kunne, wato a ƙoshe take. Ta ce "tit," guda ɗaya, irin na gaisuwar safe, sannan fitilun suka mutu gaba ɗaya. Ba ta kayar da ni ba, wannan kam na shaide ta. Ta gangara a hankali zuwa gefen titi, ta tsaya daidai ƙafar maigadi, wani ɗan warin ƙonanniyar roba ya taso. Na danna, na sake dannawa, na jijjiga ta, na roƙe ta. Maigadi ya dube ta, ya dube ni.

"Sai haƙuri," ya ce. "Ai ta yi ƙoƙari, da ita da mai duba ta."

Na ɗauka ni yake nufi, har na yi masa godiya.

Da aka tashi aiki na kai gawar shagon wani mai gyaran kayan lantarki da ake kira Injiniya. Na zaɓe shi ne musamman don shagonsa ya yi nisa da garejin Yaya. Ya ɗora ta a tebur ya juya ta, cikinta ya kalli sama. Ina mai kunyar sanar da jama'a cewa wannan ne karo na farko da na ga cikin marigayiya. Ni da nake zaƙulo ƙwayar cuta a ɗigon jinin da bai kai kan allura ba, shekara uku ban taɓa sunkuyawa na leƙa ƙarƙashin abin da nake tsaye a kai ba. Kowane noti a wurin yana ɗauke da siririn layin fenti rawaya, an ja shi daga kan notin zuwa jikin ƙarfen.

"Yallaɓai, wa ke duba maka ita?" in ji Injiniya.

"Ba kowa. Ba ta taɓa ganin bakanike ba."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "To, aljanin da ke kwance ta ya iya aiki."

Ya cire murfin ciki ya shiga nuna mini da bakin sukudireba. Ƙugiyar da ke riƙe wuyanta ba ta asali ba ce, da hannu aka goge ta daga wani ƙarfe mai kauri. Robar da ke hana ruwa shiga wurin batir, daga tsohuwar robar cikin tayar babur aka yanko ta. Ƙwayoyin batir shida an canza su, liƙin darmar farko duk dunƙule-dunƙule irin na ɗan koyo, na baya-bayan nan kuwa sumul, ya ce ko shi iyakarsa ke nan.

"Irin wannan sukutar da ciwon wuya ake haihuwar wasu," ya ce. "Da ƙugiyar asali ce a nan, da tuni ta karye da kai a tsakiyar titi. Da kai ne a kwance, ba ita ba. Abin da ya kashe ta kuwa ruwa ne. Robar nan ta yi wata uku ko huɗu ba a canza ta ba, ta tsage, ruwa ya shiga ya ƙona mata ƙwaƙwalwa. Mai duba ta ya daina zuwa ne?"

Ban buƙaci a gaya mini sunan aljanin ba. Layin nan na san shi kamar yadda na san sa hannuna. Duk notin da Yaya ya ɗaure sai ya ja masa layi rawaya, domin in notin ya fara kwancewa layin zai rabu biyu, ido ya gani kafin hanya ta gani. Jan babur ɗin da na ba 'yan gwangwan duk jikinsa layukan nan ne. A cikin murfin kuma akwai ɗige-ɗigen fenti a jere, ɗigo ɗaya na kowane zuwa gyara, yadda Yaya ya saba yi. Injiniya ya ƙirga talatin da uku. Na karɓi murfin na sa a jaka, na ɗauki gawata na fito.

A gida na tarar da maiɗakina a kicin tana yanka albasa, Kurciya na aikin makaranta a kan teburin cin abinci. A nan zan sanar da jama'a wani abin da na daɗe ina alfahari da shi. Asabar ɗin farko na kowane wata, maiɗakina takan ari marigayiya ta tafi sayayyar wata. Ta yi awa uku, ta dawo da 'yar leda ɗaya. Ni kuma in tsaya a taga ina kallonta tana tafiya ba hayaƙi, ina jin daɗin wa'azina ya fara kama mutanen gida. Ban taɓa tambayar kaina yadda sayayyar wata guda take shiga leda ɗaya ba.

"Maman Kurciya," na ce, "kasuwar nan da kike zuwa da Shiru-Shiru, a wane layi ake sayar da fenti rawaya?"

Ta ajiye wuƙar. "Ta mutu ke nan?"

"Ta mutu."

"To, mun gode Allah da kai kana tsaye." Ta wanke hannu, ta juyo, ko alamar kunya babu a fuskarta. "Baban Kurciya, tun watanta na biyu na ce maka wuyanta na rawa. Ka ce me na sani game da kimiyya. Na kai wa Yaya. Ya buɗe, ya ga ƙugiyar ta tsage rabi, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce in riƙa kawo ta duk wata, kuma kada in kuskura in gaya maka, don in ka sani taurin kai zai sa ka hana, ka je ka karya wuya."

"Me Yaya ya sani game da batir? Mutumin fetur ne!"

"Bai sani ba, ya koya. Ya nemo mitar auna wuta, ya riƙa kallon masu gyara a waya yana tsayarwa yana komawa baya. Matattun batiran fitila ya tara yana gwada liƙi a kansu, duk yatsunsa ƙuna. Mutum mai shekara hamsin da takwas, saboda teburin gugarka."

Na ce amma an ci amanata, an mai da ni abin dariya, shekara uku ina shela a asibiti ashe matata da yayana sun haɗa kai da sukutata. Sai Kurciya ta ɗago daga littafinta.

"Baba, ai kowa ya sani," ta ce. "In ka naɗe ta ka rungume, cikinta waje yake kallo. Kai kaɗai ne ba ka gani."

Jama'a su auna wannan. Kowace safiya ina hawa matakalar asibiti da ita a gefena, ƙirjina a gaba, ina tallata sa hannun Yaya ga maigadi, ga direba, ga babbar nas, ga duk mai babur da ya san layin nan, sannan in shiga ɗakin shayi in ce ba ta taɓa ganin bakanike ba. Ko mutum ɗaya bai ja ni gefe ba. Na tambayi direban daga baya, ya ce Yaya ne ya bi su ɗaya-ɗaya ya roƙe su, ya ce a bar Dokta da maganarsa, ita ce take sa shi tafiya a miƙe.

Na tambayi maiɗakina dalilin da ya sa aka bar robar ta tsage.

"Wata huɗu ke nan Yaya ya ce mini ba ya ganin noti kuma. Ya ce in lallaɓa ka ka kai ta wurin wani. Na ce maka ko za a duba ta, ka ce a duba me. Har yanzu ina kai ta, don kada ka gane. Yakan bi notocin da yatsa yana lalube, amma ya ajiye fenti." Ta ɗauki wuƙar ta sake ajiyewa. "Kuma duk zuwan da na yi, tun na farko har na watan nan, kafin ya amsa gaisuwata sai ya ce, 'Dokta ne ya aiko ki?' In ce a'a. Ya ce to, shigo da ita."

Washegari na ɗora murfin a teburin gwaji, na kunna fitila, na dube shi yadda nake duba abin da aka kawo mini. Ɗigo ashirin da bakwai na farko a jere suke reras, girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya. Daga nan suka fara girma, suka fara kaucewa, ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa. Na talatin da uku ba ya cikin layi sam. Can gefen murfin ya faɗa, rabinsa a kan roba.

Tunda na ce ba na sa hannu a kan ƙarya, dole in faɗi wannan ma. Na san abin da ke karkatar da miƙaƙƙen hannu haka, kuma ba a littafi na karanta ba. Wata bakwai da suka wuce, wata 'yar kwalbar jini ta iso teburina da sunan Yaya a jikinta. Na gwada, na ga yawan sugan da ke ciki, irin wanda ke cinye ido, na ƙi yarda, na sake gwadawa. Na ja jan biro a ƙarƙashin sakamakon sau biyu. Sannan na leƙa ta 'yar tagar da muke miƙa takardu, na hango shi a kan benci, hularsa a gwiwa, yana kallon ƙofar ɗakinmu. Taku goma ne tsakaninmu. Na miƙa wa babbar nas takardar na ce ta kai masa, ta kuma tabbatar ya ga likita a ranar. Na koma na zauna, ƙafata tana taɓa Shiru-Shiru a ƙarƙashin tebur, da sabon layinsa rawaya a cikinta. Ita ta sani, ni ban sani ba, kuma ko "tit" ba ta ce ba.

Wannan shi ne abin da na kasa yafe wa marigayiya. Ke da kike damuna da "tit-tit-tit" in cajinki ya ragu kaɗan, kin iya kukan yunwarki, amma shekara uku ba ki iya yin ƙara ɗaya ba, ko 'yar girgiza, ko noti ɗaya ya faɗo a gabana in sunkuya in gani. Jan babur ɗin da na wulaƙanta, in abu ya dame shi duk unguwa sai ta ji, kuma da ƙafata nake tura shi gareji, mu zauna da Yaya a kan benci ana gyara ana hira. Ke kuwa kika riƙa zuwa a ɓoye kina karɓar abin da ya kamata in je in karɓa, ki dawo sumul, ki bar ni ina cika baki. Kin tsabtace mini iskar ɗakin 'yata, na gode. Amma kin bar ni na yi shekara uku ba yaya, alhali kina ganinsa duk wata.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya, wadda har yanzu take maƙale a bayan firji tana jiran wadda ba za ta dawo ba. Ta bar hular kwano, da famfon taya, da wani fili a ƙarƙashin teburin gwaji da ƙafata take ta nema. Ta bar takarda a allon sanarwa, wadda na cire da hannuna ranar Laraba, a gaban direba, shi kuma ya yi mini karamcin kallon kofinsa. Ta bar abokan sirrinta da dama, dukansu suna cikin ƙoshin lafiya, wasu ma a gidana suke kwana. Ta bar ni a motar haya, minti arba'in, kusa da taga, ina kallon masu sukuta suna wuce mu suna gaishe mu da kai.

Masu tambaya ko zan koma wa fetur, amsa ita ce a'a. Zan sake hawa irinta in Allah Ya yarda, kuma wannan karon zan riƙa sunkuyawa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Batirin marigayiya ba za a jefa shi a shara ba, ba kuma za a ba 'yan gwangwan su fasa ba. Injiniya ya cire shi, zai miƙa shi inda ake karɓar tsofaffin batira, domin wadda ta rayu ba ta ɓata iska ba bai kamata ta mutu ta ɓata ƙasa ba. Sauran gawar za ta bar gidana ranar Asabar mai zuwa, wadda ita ce Asabar ɗin farko na wata, da ƙarfe goma na safe. Ba za a sa ta a mota ba. Ni zan ɗauke ta a naɗe, a gefena, cikinta yana kallon waje kamar yadda ta saba, in taka da ƙafa ta babban titi har garejin Yaya. Duk wanda ya san sirrin ya yi shiru, an yafe masa zuwa gaisuwa, amma ana buƙatar ya biyo baya. Ba a karɓar ta'aziyya a ɗakin shan shayi.

A jakata akwai murfin nan mai ɗigo talatin da uku, da na'urar auna suga da zan bar masa, da sabuwar kwalbar fenti rawaya. Na ji an ce akwai baburan mutane uku a garejin da aka gama ɗaurewa, ba a sallame su ba don ba a ja musu layi ba. Idona yana gani, hannuna ba ya rawa, aikina ke nan ɗiga abu a inda ya dace. In ya yarda, shi ya laluba ya nuna mini notin, ni in ja. In bai yarda ba, yana da gaskiya, zan ajiye gawar a bakin ƙofa in tsaya a inda ya ce in tsaya.

Ban aika masa cewa ina zuwa ba. Maman Kurciya ce za ta shige gaba, don takunta ya sani, kuma daga nesa ba zai gane wanda ke bayanta ba. Abu ɗaya na roƙe ta. In ya ɗago ya ce, "Dokta ne ya aiko ki?" kada ta ce komai. Ni zan amsa.